Amosanin Gaɓɓai: Me Ke Sa Magani Ya Ci?

Yarinya 'yar shekara uku ta tashi da safe tana ɗingishi. Ba ta kuka, ba ta nuna inda ke mata ciwo. Kafin hantsi ta ware, ta koma wasanta. Washegari haka, gwiwa ɗaya kuma ta fi ɗayar kumbura. Yawancin iyaye za su ce faɗuwa ta yi. Amma idan kumburi irin wannan ya haura mako 6 a jikin yaron da bai kai shekara 16 ba, likita zai fara zargin amosanin gaɓɓai. Ƙwarai kuwa, yara ma yana kama su.

Ciwon iri-iri ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi addabar masu shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke fama da shi a 2019. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa gaɓɓai. A manya wannan ya shafi mutum miliyan 18, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Na yara ma daga wannan gidan yake, kuma a nan ne jinkiri ya fi yin ɓarna, domin ƙashin da kumburi ya riga ya cinye ba ya dawowa.

Abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne maganin kashe zogi. A sha ibufurofen ko daikulofenak, a ji sauƙi, a ɗauka an warke, alhali kumburin na can yana cin gaɓa. Ga illa ga ciki da ƙoda idan aka daɗe ana sha.

A nau'in na garkuwar jiki, maganin da likitoci suka fi farawa da shi don dakatar da cutar kanta shi ne metotireksat. Ku saurara da kyau: sau ɗaya ake shan sa a mako. A mako, ba kullum ba. Wanda ya riƙa shan sa kullum zai iya rasa ransa. Akan haɗa shi da folik asid, wani nau'in bitamin, don rage tashin zuciya da gyambon baki, ana kuma gwada jini lokaci-lokaci don lura da hanta. Mai ciki ko mai niyyar ɗauka ba ta sha. Sannan yana buƙatar haƙuri, domin yakan kai mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kuma a wannan tsakanin ne da yawa suke yanke ƙauna su watsar.

Rubuta magani kaɗai bai wadatar ba. Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne a kafa buri tun farko, wato kumburi ya lafa gaba ɗaya ko ya yi ƙasa sosai, a riƙa auna shi duk wata ɗaya zuwa uku. Idan an yi wata 3 babu canji, ko wata 6 ba a kai ga burin ba, sai a sauya dabara. A nan allurai masu rage ƙarfin garkuwar jiki irin su etanasef ke shigowa, wadda Amurka ta amince da ita ga manya a 1998, ga yara a 1999. Kafin a fara, dole a binciki tarin fuka, domin suna iya tayar da wanda ya kwanta a jiki.

Firednisolon kuwa, maganin saurin kwantar da kumburi, na ɗan lokaci ne. Idan ya daɗe yana raunana ƙashi, yana tauye girman yaro. Mai shan taba ya daina. Motsa jiki ya ci gaba, don gaɓar da aka daina motsawa sandarewa take yi.

Ga yara akwai ƙarin abu guda: ido. Cutar kan haddasa kumburi a cikin ido ba tare da ja ko zafi ba, har gani ya lalace ba a ankara ba. Yaran da suka fi fuskantar haɗari ana duba idonsu duk wata 3 da na'ura ta musamman, ko da gaɓɓan sun yi lafiya lau.