Jawabin Maraba da Mai Girma Kwamishina a Bakin Dajin Falgore

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, iyayenmu mata, 'yan makaranta da sauran jama'a, barkanmu da wannan rana.

A madadin dattawan mafarauta da ke koya wa yara sanin daji a wannan yanki, muna yi maka lale marhabin. Kusan kilomita 150 ka keto daga birnin Kano, ka bar ayyuka jibge a ofis, ka zo ka zauna da mu a inuwar ɗorawa. Labarin adalcinka da son talakawa ya riga ka isowa. Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamaninka.

Ranka ya daɗe, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka za mu fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Muna roƙon takardar izini a rubuce, mai hatimi, wadda za ta ba mu damar shiga gefen gandun nan da ɗalibanmu, tare da rakiyar masu gadin daji, ba bindiga, ba kare, ba tarko. Wannan takarda ita ce buƙatarmu.

Farauta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihi ya nuna Barbushe na Dutsen Dala maharbi ne, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya saɓo ta. Kakanninmu a nan kudu sun san wannan daji tun ba a shata masa iyaka ba. A shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi wurin kare namun daji, aka kira shi Falgore. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Kogin Kano ta cikinsa ya ratsa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Duk manomin ranin da ke shayar da tumatir da shinkafa a Kadawa da Kura, ruwan dajinmu yake amfani da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Muna alfahari da hakan.

Da doka ta hana harbi a gandu, iyayenmu sun rataye kwari da baka, ba su yi wa hukuma gardama ba. Amma sanin da ke ƙirjinsu ba abin ratayewa ba ne, shi ya sa muka tara yaranmu muna koya musu a ranakun da ba makaranta.

Da ma ka ga Sarkin Baka ranar da ya tsugunna da wani yaro a bakin rafi. Yaron ya dubi ƙasa ya ce sawun akuya ne. Tsoho ya kama yatsansa ya ɗora a gefen sawun, ya ce: "Ɗana, duba ƙanƙantarsa da tsininsa, gada ce. Ka ga bakin sawun bai zube ba, raɓa ba ta sauka a ciki ba, ko tururuwa ba ta ratsa shi ba. Da asubar nan ta sha ruwa." Yaron nan yini ya yi kansa a sunkuye yana bin ƙasa da ido. Yau shi ke nuna wa ƙannensa bambancin sawun mazo da na mugun dawa.

Muna koya musu kunna wuta da ƙyastu da audugar rimi, da tufka igiya da ɓawon kalgo, da tonon ruwa a yashin rafi idan rani ya tsananta, da gane gabas da Gamzaki in dare ya ɓatar da mutum. Suna sanin taura da kanya da tsada da gwandar daji, abin da ake ci da wanda ba a kai wa baki. Suna koyon rataya amya da ɗiban zuma ba tare da an ƙone itace ba. Mai sassaƙen maɗaci kuma mukan nuna masa ya ɗebi gefe guda, kada ya zagaye itacen, domin in ya zagaye ya kashe shi. Kan burtun da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe har dabba ta ɗauke shi tsuntsu, yanzu ɗalibanmu da shi suke koyon matsawa kusa da zabin daji su kalle su, su dawo hannu wofi suna murna.

Akwai kuma abin da muka gyara a gadonmu. Saran kububuwa ba mu yarda a tsaga ko a tsotsa ko a tsaya jiƙe-jiƙe ba. A kwantar da mutum, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a garzaya da shi asibiti. Mun binne mutane kafin mu karɓi wannan darasi.

To, ranka ya daɗe, duk wannan a gefen gonaki da 'yan kurmin da suka rage muke yinsa. Dajin na gabanmu, muna hangensa, ba mu da ikon shiga. Yaro zai ji sunan gwanki a bakin kakansa, ya girma bai taɓa ganin ko kashinsa ba. Ta yaya za a koyi iyo a tudu?

Abin da ke mana ciwo shi ne an haɗa mu a kwando ɗaya da masu harbin sata. Shekarun da ɓarayin shanu suka addabi dajin nan, har matafiya ke fargabar hanyar Jos, mutanenmu aka nema su shige gaba su nuna hanya, domin su suka san kowane kwazazzabo da mashaya. Da ƙura ta lafa aka manta da mu. Mun rubuta takarda mun kai inda aka ce mu kai, mun koma, mun sake komawa, kullum a ce mu dawo wani mako. Ana haka masu gawayi na sare ƙirya da marke, buhu kan buhu a bakin titi, masu cinna wuta na ƙone sabon tofo kowace kaka. Mai gatari ya sami hanyar shiga, mai koyarwa yana tsaye a waje. Yaron da ya san ƙirya da sunanta, ya san shekarun da take ɗauka kafin ta yi kauri, ba zai sayar da ita kuɗin cefanen yini ɗaya ba. Masu gadin daji ba su da yawa, dajin kuwa ga shi nan iya ganinka. Ɗalibanmu idanu ne da hukuma za ta samu kyauta.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Dattawa biyu muka rasa tun daga daminar bara, Allah Ya jiƙansu. Ɗayansu shi kaɗai ya rage da sanin tsofaffin mashayun namun daji na can ciki, ya tafi da abinsa. Waɗanda ke zaune a gabanka, dubi furfurarsu, wasu da sanda suka iso nan. In aka ƙara rani biyu ana cewa mu dawo, takardar za ta fito ba mai jan gaba.

Muna da sauran buƙatu, ba za mu ɓoye ba: rijiyar burtsatse a inda muke taruwa, maganin saran maciji a asibitin da ya fi kusa da mu, da ɗan fili da za mu yi renon dashen ɗorawa da kaɗanya. In hali ya yi, mun gode. In ɗaya kaɗai za a iya, to takardar izinin nan. A gindaya mana duk sharaɗin da aka ga dama: a rubuta sunan kowane yaro a ƙofa, a ƙidaya mu shiga da fita, a caje jakunkunanmu. Hakimi da dagatai ga su nan, sun yarda su tsaya mana.

Mun sa kwafin takardar a cikin wannan jawabi da za mu miƙa maka, tare da ƙwaryar zuma daga amyar ɗalibanmu da igiyar da suka tufka da hannunsu. Muna roƙo, ranka ya daɗe, ka sa mata hannu kafin ciyawa ta bushe, domin da kaka sawu ya fi fitowa.

Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kai gida lafiya tare da 'yan rakiyarka. Wassalamu alaikum.

Sakataren kwamiti, a madadin dattawan mafarauta da iyayen yara.