Ɓarawon da ba ya ɗauko jaka: ƙwayar cutar kwamfuta marar fayil

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Injamena ya san aikin 'yan duwan: a sauke kaya, a buɗe jaka, a duba abin da ke ciki. Antibairos ɗin da muka saba da shi ma haka yake yi. Fayil ya shigo ta filash ko ta intanet, sai ya gwada shi da jerin ƙwayoyin cutar da ya sani. In sun yi kama, ya cafke.

To, in ɓarawon bai ɗauko jaka ba fa?

Akwai harin da ba ya ajiye fayil a ma'ajiyar kwamfuta. Cikin RAM yake zama, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke gogewa in an kashe na'ura. Kuma ba ya zuwa da makaminsa, da kayan gidan yake aiki. Windows tana da PowerShell, wanda Microsoft ta fitar a 2006 don masu kula da kwamfutoci su riƙa ba da umarni a rubuce. Kayan halal ne, da sa hannun kamfanin. Sai a turo maka takardar Word, wai sakamakon konkur ne ko rasit. Ka buɗe, ka yarda wa makro, wato ɗan umarnin da ake cusawa cikin takardar, ya yi aiki, makro ya kira PowerShell, shi kuma ya jawo umarnin ɓarawo kai tsaye zuwa RAM. Mai gadi na kallo, amma yaron gida yake gani yana kai-komo.

Abin ya daɗe. A Yulin 2001, ƙwayar cutar Code Red ta kama kwamfutoci sama da 359,000 cikin ƙasa da awa 14, tana zaune a RAM kawai. Ita kam, ana kashe na'ura a kunna ta tafi. Na san wani a Garwa zai ce, ai mu nan ɗaukewar wuta ma ta ishe mu riga-kafi. Ina! Tun 2014 wata ƙwayar mai suna Poweliks ta koyi ɓoye umarninta a rajistar Windows, inda na'ura ke adana saitinta ko an kashe ta, kana kunnawa ta farka. A 2017 kuma kamfanin antibairos na Kaspersky ya bayyana irin wannan hari a kan bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomi sama da 140 a ƙasashe 40, har da Kenya.

Shin antibairos ya tashi aiki ke nan? A'a, ya danganta da wanne. Da zuwan Windows 10 a 2015 aka samu AMSI, wata ƙofa da ke miƙa wa antibairos umarnin PowerShell ya karanta kafin a zartar. Na zamani kuma halayya suke lura da ita: me ya haɗa Word da PowerShell da tsakar dare? Suna cafke da yawa, ko da yake ɓarayin ma suna da dabarun rufe wa AMSI ido.

Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutocin shagunan buga takardu a Marwa da Ngaundere. Windows 7, wadda Microsoft ta daina sabuntawa tun Janairun 2020, ba ta da AMSI. Ga antibairos na bogi da ya shekara bai ga intanet ba, kuma a kan wannan na'urar ake buɗe imel da asusun banki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai shago, ka hau sabuwar Windows, ka bar sabuntawa a kunne, aikin yau da kullum kada ka yi shi da asusun admin, wato mai cikakken iko a kan na'urar. Takardar da ta ce sai ka kunna makro kafin ka karanta, rufe ta, ka kira wanda ya aiko a waya.