Wa ya koya wa ɗan doktora koyarwa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Daren Lahadin da ta wuce, bayan sallar isha'i, ɗan maƙwabcina ya yi mini sallama ɗauke da leda cike da takardun jarrabawa. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatun doktora a fannin kimiyya. Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Baba, kai da ka taɓa riƙe aji, yaya ake raba maki ashirin a kan tambaya huɗu ba a zalunci kowa ba?" Takardun sun haura ɗari biyu. A makarantar da yake, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ranar Alhamis aka kira shi aka ce Litinin zai shiga aji. Aka miƙa masa alli da jerin sunayen ɗalibai. Iyakar horon da ya samu ke nan.

To ni dai tun daren nan raina bai kwanta ba.

Ku shiga layin teloli a babbar kasuwar Maraɗi. Akwai telan da zai ba yaron da ya zo koyo jiya almakashi ya ce yanka shaddar Sallah ta Alhaji? Sai yaro ya yi watanni yana guga, yana sa maɓalli, yana kallon hannun maigida. Bakanike ma ba ya barin ɗan koyo ya buɗe injin mota shi kaɗai. Malamin firamare sai ya bi ta makarantar horon malamai, ya yi sitaj a aji, wani na zaune a baya yana duba shi. Amma a jami'a, inda ake fitar da likitoci da injiniyoyi da masana noma, sai a ce wanda ya ci jarrabawar masta ai ya iya koyarwa. Wa ya koya masa?

Ba sai mun yi nisa wajen neman dalili ba. Shekaru da yawa jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar nan ta Nijar, ta Yamai. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga masu zaman kansu nan kuma. Alheri ne, ba mai musu, ɗan Tibiri ko Gidan Rumji ya yi karatu kusa da gida. Sai dai gina aji ya fi samar da malami sauri. Babban malami yana ba da darasi a amfi, wato babban zauren lacca, amma ƙananan azuzuwan da ake warware atisaye, waɗanda ɗalibai ke kira te-de, da aikin ɗakin gwaji da suke kira te-pe, da duba takardu, sau da yawa a wuyan ƴan doktora suke faɗawa. A nan kuwa ɗalibin shekarar farko ke gane karatu ko ya ɓace. A tsarin LMD, wato lisans (digirin farko), masta da doktora, maki talatin na kiredi ake tarawa a kowane zango, ɗari da tamanin kafin a ba ka lisans. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bi ta hannun wani mai jan biro. Wa ya koya wa mai jan biron?

Na san amsar da wasu manya za su ba ni: "Mu ma haka muka koya." Madalla. Ɗalibai nawa suka faɗi a hannunku kafin ku koya? Kun ƙidaya? Wasu kuma su ce ba kuɗi. Haba jama'a! Kuɗin me ake buƙata don farfesa ya zauna a bencin baya awa guda, ya fito ya ce wa yaro, muryarka ba ta kai ƙarshen aji, ka juya wa ɗalibai baya minti ashirin kana magana da allo? Wannan ba ya cin ko dala.

Gaskiyar maganar, babu abin da ke tura babban malami ya yi hakan. Ƙarin girma a jami'o'inmu yana bi ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka da aka kafa a nan Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne binciken da mutum ya wallafa. Awar da ka ɓata kana gyara wa ƙaramin malami hannu ba ta da wannan nauyi. Ban ce a rage darajar bincike ba. Na ce a ba kowane sabon mai shiga aji mako guda na horo kafin a buɗe zango, a haɗa shi da malami guda da zai leƙa ajinsa ko sau biyu, a biya shi kuɗin awoyinsa a kan lokaci, don mai tunanin kuɗin kabu-kabu ba ya tunanin darasi.

Ku kuma ƴan doktora, ƴaƴana, kafin manya su farka ga abin da na faɗa wa ɗan maƙwabcina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk atisayen da za ka ba ɗalibai, ka warware shi da hannunka a gida, daga farko har ƙarshe, kana duba agogo. Abin da ya ci maka minti goma zai ci musu rabin awa. Ka je amfi ka saurari darasin farfesa, don kada shi ya rubuta alama iri ɗaya kai ka zo da wata, yara su ɗauka abu biyu ne. Kafin ka taɓa takarda ko guda, ka rubuta yadda za ka raba maki: wannan mataki ɗaya, wancan biyu. Ka duba tambaya ta farko a duk takardun kafin ka koma ta biyu. In ba haka ba, wanda ka duba da sanyin safiya ya samu sha huɗu, wanda ka duba da azahar, cikin zafin watan Afrilu an ɗauke wuta, ya samu takwas, alhali amsarsu ɗaya.

Kuma ka daina tambayar "kun gane?" Kowa zai gyaɗa kai. Yaranmu an tashe su a kan kada su sa babba ya maimaita magana. Ka ɗaga mutum guda ya zo allo, nan za ka ga inda aka tsaya. In Faransanci ne ya tokare, ka juya bayanin da Hausa minti biyu ka dawo. Dokar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, to kunyar me ta rage? In aka yi maka tambayar da ba ka sani ba, ka ce sai mako mai zuwa, kuma ka zo da amsar. Ɗalibi yana yafe rashin sani, ƙarya ce ba ya mantawa.

Akwai wadda ba a son faɗa a rediyo, amma zan faɗa. Tsakaninka da ɗalibarka shekara huɗu ce ko biyar, makinta kuma yana hannunka. Duk maganar karatu ta tsaya a aji ko a zauren WhatsApp na kowa da kowa. Ba kiran dare.

Inda ni kaina nake da shakka shi ne yawan awoyin. Shekara uku aka yanka wa doktora. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da aji ya cinye, bincikensu ya kwana a cikin kwamfuta, su ba malamai ba, su ba ɗalibai ba. Ko awa nawa ya dace a mako, wannan masu jami'a ne za su yanke. Amma su yanke, su rubuta, kowa ya gani.

Ni da yaron nan mun kai sha biyun dare muna tsara rabon maki a bayan wata tsohuwar kalanda. Ni tsohon malamin sakandare ne da ya koma rediyo, rabona da alli ya fi shekara goma sha biyar. Wajena ya zo, don ni kaɗai ya san zai tambaya ba a yi masa dariya ba.