Farar Hamadar Masar: shirin da ake yi kafin a kwana a cikinta

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanenmu na Kaduna, 'yan Tudun Wada da Rigasa da Kawo da kuka yi ta cewa a nuna muku wani abu a Masar bayan dalar Fir'auna da Azhar. To ga shi. Farin nan da kuke gani a bayana alli ne, ba ƙanƙara ba, ba gishiri ba. Sunan wurin Sahara al-Baida, Farar Hamada, tana yammacin Masar tsakanin dausayin Bahariyya da na Farafra. Tun 2002 gwamnati ta killace ta, faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 3,000.

Hanya tukuna. Daga Alƙahira ana bi ta birnin 6 Oktoba a kama titin Wahat, kimanin kilomita 370 zuwa Bawiti, babban garin Bahariyya. Awa huɗu zuwa biyar ne, kwalta ce miƙaƙƙiya, babu abin kallo sai layin dogon da aka shimfiɗa don kai tamar ƙarfe Hilwan, kusa da Alƙahira. A Bawiti ƙaramar mota ta gama aikinta. Daga nan sai Land Cruiser mai ja da ƙafa huɗu, da direba ɗan dausayin. Farar Hamada tana gaba, saura kamar kilomita 45 a shiga Farafra.

Wanda ya saba zuwa Kajuru ko ruwan Matsirga ya dawo gida kafin isha'i, ya ajiye wannan lissafin. Nan ba a shiga kai tsaye. Mai shirya tafiya ne ke yanko izini da sunanka, shi ya sa yake neman hoton fasfonka kwanaki kafin ranar. Ka riƙe fasfon na ainihi a jikinka, ɗalibi ya haɗa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ka kuma yi kwafi uku ko huɗu saboda shingayen jami'an tsaro. Kada ka yarda da mai cewa zai zaga da kai ta bayan shinge don ka rage kuɗi. A Satumbar 2015 jami'an tsaron Masar sun buɗe wa ayarin 'yan yawon buɗe ido wuta bisa kuskure a wannan yankin na Bahariyya, mutum 12 suka rasu, takwas daga cikinsu 'yan Meziko ne. Hamadar yamma ta haɗa iyaka da Libiya, motar da ba a san da zamanta ba abin zargi ce. 'Yan'uwana masu ɗaukar bidiyo kuma, ku bar jirgi mara matuƙi a gida. Dokar Masar ta 2017 ta hana shigo da shi ko tada shi ba da izinin ma'aikatar tsaro ba, tun a filin jirgi ake ƙwacewa.

Kafin a iso nan za a wuce Baƙar Hamada, tsaunuka masu baƙaƙen duwatsu a ka, ragowar aman wuta na dā. Minti talatin ya ishe ta. Sai Dutsen Lu'ulu'u a bakin titi, ɗan tudu ne mai ƙofa a tsakiya yana ƙyalli in rana ta doke shi. Sunan ya fi dutsen girma, a ganina, ku ɗauki hoto ku wuce. Inda ya cancanci a ɓata lokaci shi ne Aƙabat, inda mota ke gangarowa daga kan tudun rairayi fararen tsaunuka su buɗe a gabanka.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan? Sama faɗi, ƙasa siriri, kamar laimar kwaɗi. Teku ne ya taɓa rufe wannan wurin fiye da shekaru miliyan 60 da suka wuce, ɓawon ƙananan halittun ruwa ya taru a ƙasa ya daskare ya zama alli. Da ruwa ya janye sai iska ta karɓi aiki. Iska ba ta iya ɗaga rairayi sama sosai, yawancinsa yana gudu ne kusa da ƙasa, don haka gindin dutsen ne ke shan gurza, kan ya tsira. Ku dubi yatsana, shafawa kawai na yi ya yi fari fat. Wanda ya hau kai don hoto zai iya karya abin da iska ta yi dubban shekaru tana sassaƙawa, kuma gindin da ya sirance haka ba ya yi wa mutum sallama kafin ya faɗo. Waɗannan baƙaƙen ƙwayoyin da ke warwatse a ƙasa, wasu kamar tauraro, ma'adinin ƙarfe ne. A kalla a mayar, haramun ne fita da su daga gandun.

Yanzu batun mota, don a nan aka fi shan wahala. Da an sauka daga kwalta direba zai tsaya ya rage iskar taya, daga geji 35 ko makamancin haka zuwa tsakanin 15 da 18. Tayar da ta yi laushi tana baje ƙafa a kan rairayi ta yi ta shawagi, mai tauri kuwa haƙa take yi. Amma da iska ta ragu haka ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, taya na iya zamewa daga rim. In mota ta kafe, kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara taka totur. Duk takawa ɗaya tana ƙara binne ta, har cikinta ya zauna a ƙasa. A ɗaga ƙafa, a sauka, a kwashe rairayin gaban tayoyi da shebur, a cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashi, sannan a ja a hankali da giyar ƙarfi. Tun a Bawiti ka leƙa bayan motar da idonka: shebur, faranti biyu, igiyar ja, safaya mai iska, famfon hura taya, jarkar mai. In famfo babu, kada ka shiga. Mota biyu kuma ta fi ɗaya, domin sabis ɗin waya yana ɗaukewa da an yi nisa da titi.

Ruwa: lita huɗu zuwa biyar na sha ga kowane mutum a yini, ban da na girki, sannan a ƙara na yini guda a ajiye ko da mota za ta lalace. Iskar nan busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai rasa komai ba. Fitsari ne ma'auni, in ya yi ja-ja ka yi baya a shan ruwa. Wanda ciwon kai da jiri suka kama, a kai shi inuwar mota a haɗa masa ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa. Ruwan sha bai kamata ya tafi a alwala ba, ga ƙasa mai tsarki ko'ina, taimama ta wadatar. Sai dai ku lura da alƙibla. A Kaduna gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, wajen digiri 66. A nan gabas ce a karkata kudu, wajen digiri 117. Kamfas ɗin waya yana aiki ko babu sabis, amma ka matsa nesa da mota, ƙarfenta na ruɗa shi.

Lokacin zuwa daga Oktoba ne zuwa Maris. Da bazara ana iya haɗuwa da guguwar Khamasin mai rufe ido, a watannin Yuni zuwa Agusta kuwa zafi na haura digiri 40. Sanyin kuma kada ku raina shi. Ku tuna asubahin hunturu mafi tsanani a Kaduna, ranar da ruwan randa ke yanka hannu, to daren Disamba da Janairu a nan ya wuce shi, yana sauka kusa da sifili. Babu gajimare, babu danshi, zafin da ƙasa ta tara da rana yana tserewa sama da faɗuwarta. Ga yadda masu dausayi ke kafa zango: a jera mota ta tare iska, a ɗaura labule mai kauri a jikinta, a shimfiɗa darduma, katifa a kai. Abin da ke ƙarƙashinka ya fi na samanka muhimmanci, ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Jakar barci da bargo biyu, hular sanyi, safa busasshiya wadda ba ka yini da ita ba, man kaɗanya saboda leɓe. Waya da pawa banki su kwana cikin bargo tare da kai, sanyi na cinye caji.

Kun ga sawun nan ƙanana da suka zagaye tukunya? Yanyawa ce, 'yar mitsitsiya mai manyan kunnuwa, da dare take zuwa. Kada a ba ta abinci, in ta saba sai ta daina farauta ta koma bin zango. Takalmi a shigar da shi mota, tana jan sa ta tafi da shi. Wanda ya bar nasa a waje ya kaɗe shi da safe kafin ya zura ƙafa, saboda kunama.

Itacen wuta daga Bawiti ake tahowa da shi, ba a taɓa 'yan tsirran da ke nan. Shara duka a ƙulle a buhu a koma da ita, har tokar da takardar goge hannu, domin a busasshen wuri irin wannan ba abin da ke ruɓewa da wuri. Ga usta, wato direbanmu, can ya haɗa famfo, ana mayar da tayoyi geji 35 kafin mu hau kwalta. Tayar da ba ta da iska in ta yi gudu a titi gefenta na lanƙwasawa ya ɗauki zafi, kilomita kaɗan sai ta fashe. Minti goma sha biyar ne aikin, a haƙura a yi wa duka huɗun.