Kafin ruwa ya ɗauke: aikin da lambu ke jira a ƙarshen damina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga cikin lambu nake maku magana nan bayan garin Katsina, kuma ga shi kuna gani da idonku, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ciyawa ta kai gwiwa, marka ta gama dukan komai. Ƙarshen Agusta kenan ana shirin shiga Satumba, hankalin kowa ya koma gona wajen gero, lambu kuwa an bar shi wai sai bayan kaka. To wallahi nan ne ake yin asarar, don tumatir sanyi yake so, in ka makara ka yi dashe fure ya zo maka cikin zafin Maris da Afrilu, zaka ga furen na zubewa ƙasa ba ɗa, ka yi ta zagin taki alhali lokaci ne ya wuce ka.

Bari mu fara da wannan ciyawar. A cire ta yanzu tun bata zubar da iri ba, kuma ƙasa na da taushi hauya na shiga ba wahala. Amma kalli wannan da ke hannuna, aya-aya ce, ita in ka sare kanta kawai ka yi aikin banza, ƴaƴanta na can ƙarƙashin ƙasa, sai ka tono su ka baza a rana. Ƙiri-ƙiri ma haka.

Sauran ciyawar dan Allah kar a cinna mata wuta, taki ne. Ka haƙa rami ko ka tara ta gefe guda ƙarƙashin bedi, ka shimfiɗa ciyawa, ka zuba kashin awaki ko na shanu ko na kaji, ka yafa toka kaɗan, ka ƙara ciyawa, haka haka har ya taru, in babu ruwan sama ka ɗan yayyafa mashi, duk sati 2 ka juya. Wata 2 zuwa 3 ya nuna, kaga daidai lokacin dashe kenan. Yadda zaka gane, ka cusa hannu ciki, in da zafi to da saura, in ya huce ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasa shikenan. Ni na taɓa yin gaggawa na zuba ɗanyen kashin kaji a fangali 6 na tattasai, kwana kaɗan duk suka ƙone, har yau in na tuna raina sai ya ɓaci don ni na rene su da hannuna.

Abu ɗaya ne ba ya shiga ramin taki, tsohon tumatir ko attarugu da ya yi ciwo. Wannan kam a tuge shi har saiwa a ƙone. Waɗanda suka yi tumatir a 2016 ba sai na faɗa masu ba, tsutsar nan Tuta absoluta da muke ce ma sharon ta cinye gonaki daga Kano zuwa Kaduna har nan jiharmu, kuma tana iya laɓewa a busasshen ganye da cikin ƙasa tana jiran sabon dashe. Sannan in ka tuge ka duba saiwar, in ka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi to akwai wata ƴar tsutsa a ƙasar da ido ba ya gani, kar ka maida tumatir wurin. Kuma kar ka ce bari in sa tattasai ko yalo a madadinsa, duk dangi ɗaya ne ciwonsu ɗaya, gara ka sa albasa ko masara bana.

Yanzu reno, wanda shi ne ma ya sa na ɗauki bidiyon nan. Tunda ruwa bai gama ɗaukewa ba, gadon reno a ɗaga shi sama kamar taƙi guda kar ruwa ya kwanta, a yi mashi ƴar rumfa ta ciyawa ko kara saboda ruwan Satumba mai iska yana iya wanke iri a dare ɗaya. A zuba irin a layi, kar a watsa shi cunkus, in ya yi yawa gindinsa ke ruɓewa ya kwanta. Tumatir sati 3 zuwa 4 ya isa dashe, albasa tafi shi jinkiri tana kai sati 6 zuwa 8, shi ya sa masu albasa su ya kamata su riga kowa. Saura sati guda a cire, ka rage rumfar ka rage ruwa don ya saba da rana, ranar dashe kuma a bari sai la'asar. Mutanen da ke noma bakin dam ɗin Ajiwa, Jibiya, Zobe, da na Sabke da Daberam can wajen Daura, ku kun fi kowa sanin wannan lissafin.

Maganar iri, kuɓewa da yakuwa da alayyafo ka zaɓi masu ƙarfi ka bar su su bushe a jikinsu, ka ƙara shanyawa, ka zuba a kwalba da ƴar toka ka toshe. Amma irin gwangwani ko na leda da aka rubuta F1 a jiki, shi ba a ajiye ƴaƴansa, in ka shuka badi ba zai fito kamar uwarsa ba.

Injin ban ruwa kuma a fito da shi yanzu a tada, a canza baƙin mai, a duba tiyo ko ɓera ya huda, tun kafin layi ya yi tsawo wajen makanike.

Sai shinge. Kalli wancan gefen, gara ta cinye dirkokin duk sun kwanta, ni ma aikin da ke gabana kenan gobe in Allah ya kai mu. Da an gama girbi za a saki dabbobi, akuya ɗaya ta isa ta share maka reno kafin ka dawo daga Azahar. Karan gero na nan tafe, ka kama naka tun da wuri wajen maƙwabcin gona ka ɗaure darni, ƙasan kuma ka jera ƙaya.