Lacca kan mayar da konrod da metal a injin tsohuwar tarakta

Assalamu alaikum. Iyayenmu a wannan sana'a, abokan aiki, da ku matasa masu koyo, barkanmu da haɗuwa. Zan ɗauki misali da Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 da injin Perkins mai silinda 3, domin har yau tana huɗa a gonakinmu, kuma abin da zan faɗa a kanta ya shafi manyan 'yan'uwanta masu silinda 4.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane konrod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa fistin da kurankshaf, da murfinsa tare aka ɗaure su a masana'anta, sannan aka huda ramin da ke zagaye wuyan kurankshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin injin, saboda haka murfin lamba 1 ba zai taɓa zama daidai a kan konrod lamba 3 ba, ko da ido ya ga kamar ya zauna. Shi ya sa ake buga musu lamba a gefe. Tun ranar kwancewa ku duba lambobin, in sun goge ku buga naku kafin ku raba su, kuma ranar haɗawa lambar konrod da ta murfinsa su kasance a gefe guda. Idan aka juya murfi ko aka musanya shi, ramin ya daina zama da'ira, metal, wato siririn lanƙwasasshen ƙarfen da ke zama tsakanin konrod da kurankshaf, zai matse a wani wuri ya yi sako-sako a wani, kuma manomi ne zai ji sakamakon a tsakiyar damina, lokacin da injin ya fara ƙwanƙwasa.

Shi fistin yana da alamar gaba a kansa, ku fuskantar da ita wajen fanka.

Sai maganar metal. Bayansa a bushe yake zama, haka ma gurbinsa, domin ɗigon baƙin mai ko ƙwayar yashi guda a bayansa za ta ɗaga shi ta cinye ratar da ke tsakaninsa da kurankshaf. Wannan rata kuwa ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma a cikinta mai ke shiga ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Ɗan harshen da ke gefen metal ya faɗa cikin tsagarsa, fuskar da za ta kwanta a kan kurankshaf kuma a shafe ta da mai mai tsabta. Za ku ga bakin metal ya ɗan ɗara bakin gurbinsa kaɗan. Haka aka yi shi da gangan, don ɗaurin noti ya danne shi ya hana shi juyawa, kuma wanda ya sa magagari ya rage shi ya lalata sabon kaya da hannunsa. Haka nan ina roƙonku ku bar al'adar goge fuskar murfi don a rufe sako-sako, ko cusa takarda a bayan metal, domin wannan yaudarar mai tarakta ce.

Idan an kai kurankshaf an rage shi zuwa 010 ko 020 ko 030, wato an rage kaurin wuyansa da kashi 10 ko 20 ko 30 cikin dubu na inci, dole metal ɗin ya zama na wannan lambar, kuma kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali, a auna. Akwai wani siririn zaren roba da ake kira Plastigauge, ana ɗora shi a busasshen wuyan kurankshaf, a ɗaure murfi ba tare da an juya injin ba, a kwance, faɗin da ya baje ya nuna ratar. A kuma wanke ramukan mai na cikin kurankshaf da buroshi da iska, domin garin ƙarfen da gogewa ta bari yana maƙalewa a can.

Wajen ɗauri a sa sababbin noti, a ja su bi da bi, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo har zuwa adadin da littafin injin ya ƙayyade. Duk konrod ɗin da aka gama, a juya kurankshaf da hannu, a kuma taɓa konrod ɗin a ji yana ɗan motsi gefe da gefe. In ya cije, a tsaya nan a nemi dalili kafin a wuce na gaba. Ranar tayarwa a ja abin kashe injin, a riƙa juya shi da kik har ma'aunin matsin baƙin mai ya tashi, sannan a sake shi ya kama, a bar shi yana aiki a hankali ana sauraronsa kafin a ɗaura masa garma.