Amsoshin Tambayoyinku: Suturar Zaɓaɓɓu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani bawan Allah a Ƙaura Namoda. Yana tambaya ko akwai dokar da ta tilasta wa ɗan majalisa sa babbar riga kafin ya shiga zauren majalisa a Gusau.

To malam, kundin tsarin mulki na 1999 bai ce uffan kan tufafi ba. Abin da ya yi, a sashe na 60 da na 101, shi ne bai wa majalisar tarayya da na jihohi ikon tsara yadda za su gudanar da zamansu. Daga nan maganar sutura ke fitowa, kuma kakaki ne mai sa ido. Abin da aka saba gani shi ne kwat da taye, ko kayan gida cikakku: riga, wando da hula. Babbar riga ba farilla ba ce, kaftani ma ya wadatar. Amma fa ka san mutanenmu, al'adarsu ta fi doka zafi. Ɗan majalisa ya kuskura ya fito kai ba hula, kafin la'asar hotonsa ya karaɗe Facebook, ana cewa ya raina mazaɓarsa.

A wasu ƙasashe har rigima ake yi. A 2023 kakakin majalisar Kenya, Moses Wetang'ula, ya hana shiga zaure da wata riga mai kama da kwat da ake sawa ba taye, wadda ake kira kwat ɗin Kaunda, alhali shugaban ƙasarsu William Ruto na yawan sa ta. A shekarar dai, majalisar dattawan Amurka ta wajabta wa maza kwat da taye, bayan ce-ce-ku-ce kan Sanata John Fetterman mai zuwa aiki da gajeren wando. Da a nan ne, ai ko matarsa ba za ta bari ya fita ƙofar gida ba.

Sai wata baiwar Allah daga Talata Mafara, ta ce ko wanda ya ci zaɓe na iya naɗa rawani. Hajiya, ƙuri'a ba ta ba da rawanin sarauta, wannan a fada ake naɗa shi. In kin ga ɗan siyasa da shi, to sarki ne ya ba shi sarauta, ko kuma ɗan gidan ne. Gwamna da kansa, wanda ke miƙa wa sarki sanda, da hularsa yake zuwa wurin bikin.